Kwana Biyu a Cheltenham da Azumi a Baki

"Kawu, kullum kana cika mana baki da dawakin Filin Sukuwa. Bari in kai ka inda doki ke gudun kilomita biyar yana tsallake shinge 22, sannan idan ya gama gajiya a ce ya hau tudu." Da wannan gorin ɗan yayata ya tare ni a Birmingham, a watan Maris na 2024. Barka na je yi masa, matarsa ta haihu, ban je Ingila don doki ba. Amma wanda ya tashi a gidan da ake da turke, ya sha yankan harawa da jiƙa dusa da kanwa tun bai kai sirdi tsawo ba, ba a yi masa irin wannan tayin sau biyu.

Matsalar ɗaya ce. Bikin sukuwar Cheltenham na shekarar ya faɗo daga 12 zuwa 15 ga Maris, a makon farko na azumi. Tikitin Alhamis da Juma'a ya samo mana. Na ce ba komai, ai ido ba ya karya azumi in dai doki yake kallo. Na zuba dabino bakwai a aljihun kwat ɗin da ya ara mini, muka kama hanyar tasha.

Daga Birmingham zuwa Cheltenham bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, amma ban taɓa shiga jirgi mai hayaniya irin wannan ba. Ƙarfe goma na safe, maza sun sha kwat ɗin ulu mai ruwan ƙasa da hular malafa, kowa da gwangwanin giya a hannu ɗaya, jaridar Racing Post a ɗaya hannun. Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijo ɗan ƙasar Ayalan wanda shi bai sha komai ba sai shayi. A cinyarsa akwai wani ɗan littafi baƙi, gefensa duk ya lanƙwashe, an ɗaure shi da roba. Da ya ga ina leƙen jaridarsa kamar mai kallon rubutun Sinanci, sai ya matso da ita ya fara koya mini. Lambobin da ke gaban sunan doki, matsayin da ya zo ne a tserensa na baya. Harafin F na nufin ya faɗi, U ya kayar da mahayinsa, P kuma mahayin ne ya ga babu alheri ya ja linzami ya tsaya. Sai nauyin da zai ɗauka, da shekarunsa, da irin ƙasar da ya fi so, busasshiya ko mai laka.

Na tambaye shi littafin fa? Ya ce jarida tana gaya maka wanda ya ci, littafin nan kuwa yana gaya masa wanda zai ci baɗi. Ya fi shekara 30 yana zuwa, kuma kowane tsere sai ya rubuta layi biyu ko uku: wane doki ne ya tsallaka ba tare da ɓata ƙarfi ba, wane ne aka toshe wa hanya, wane ne ya iso layin ƙarshe kunnuwansa a tsaye alamar da sauran ƙarfi a jikinsa. Wannan na ƙarshe ya sa na yi murmushi, don mahaifina ma kunnen doki yake fara kallo kafin ƙafa.

Shi ya ba ni labarin abin da ya faru ranar Laraba. Wani doki mai suna El Fabiolo, wanda aka yi ittifaƙin babu mai kamo shi har farashinsa ya sauko 2/9, wato ka zuba fam tara don ka ci ribar biyu, ya daki shinge tun tsere bai yi nisa ba, aka tsayar da shi. Captain Guinness ya ci, da Rachael Blackmore a kai. Kuma a yammacin ranar ne Willie Mullins, babban mai horar da dawaki na Ayalan, ya cika nasara 100 a tarihin bikin, ɗansa Patrick ne ma ya hau dokin da ya cika masa ita. Dattijon ya faɗi haka yana kallon Turawan Ingila da ke kujerar gabanmu, da irin kallon da Bakano ke yi wa Bazazzagi in an zo maganar kasuwa.

Daga tasha motar safa ce ke kwasar mutane zuwa filin, wanda ake kira Prestbury Park. Abin da ya fara kama idona shi ne dutsen Cleeve da ke bayan filin, ya yi masa ƙawanya kamar akushi, kore shar, hazo na yawo a kansa. Abu na biyu kuma laka. Ruwa ya yi ta sauka a makon har sai da aka soke tsere guda ranar Laraba saboda wani sashen filin ya jiƙe ya wuce misali. Takalmin da na je suna da shi, a nan ya gama aikinsa.

Kafin kowane tsere ana zagayawa da dawakin a wata da'ira, jama'a na tsaye a kan matakala suna kallo. Nan na fi daɗewa a kwana biyun. Na saba da ingarmunmu masu wuya a murɗe, masu haniniya da tabarya, waɗanda ake ƙawata su da jalala har ba ka ganin fatarsu. Waɗannan kuwa tsirara suke, dogaye ne ƙwarai, an aske musu gashin jiki, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a cinya, tururi na tashi daga hancinsu saboda sanyi. Kuma shiru suke tafiya, yarinya ƙarama riƙe da ragama. Na tambayi dattijon sirrin wannan ladabi, ya ce ai kusan duk mazan an dandaƙe su. Na ce subhanallahi. A wajenmu a dandaƙe doki mai daraja kamar a yanke wa sarki rawani ne. Amma da hujjarsu: dokin tsallake yakan kai shekara goma ko sha ɗaya yana aiki, kuma ana son hankalinsa ya tsaya a kan shinge, kada ya koma kan goɗiya. Sirdin kuwa in ka gan shi sai ka ce faifai ne, likkafa a ɗage har gwiwar mahayi na neman taɓa ƙirjinsa. Linzaminsu ba shi da harshen nan mai kaifi irin namu da ke tsayar da doki cak a gaban sarki. A nan ba a son doki ya tsaya cak.

Shingen iri biyu ne. Akwai ƙarami, ɗan sama da mita ɗaya, wanda in doki ya doke shi yakan kwanta. Akwai babba, wanda ya kusa mita ɗaya da rabi, an cusa shi da tsumagun itace an matse kamar tsintsiya, wani da rami a gabansa, wani da ruwa a bayansa. Ɗan yayata ya kutsa da ni har bakin ƙarfen da ke kusa da shingen ƙarshe don tseren farko. Talabijin ba ya kawo maka sautin. Da farko ƙasa ce za ka ji tana rawa a tafin ƙafarka, sai numfashin dawakin, sai mahaya suna yi wa juna tsawa, sai "kwas!" na ƙafa tana share kan shinge, laka ta watso har kan kwat ɗina. Wani kili mai suna Grey Dawning ne ya ci, na 'yan'uwan nan biyu, Dan Skelton mai horarwa da Harry Skelton mahayi.

Daga shingen ƙarshe zuwa layi hawa ne. A ido ba wani tudu ba ne, keke ma zai hau ba tare da an sauka ba. Amma ga dokin da ya riga ya zubar da ƙarfinsa a cikin laka, nan ake rabuwa.

Rana ce ta mutanen ƙwallo. Sir Alex Ferguson, wanda ya daɗe yana zuba kuɗi a dawaki bai taɓa ci a bikin ba, ya ci sau biyu a jere cikin minti 40, da Monmiral sannan da Protektorat, dawakin da yake da hannun jari a cikinsu. Ɗan yayata ɗan Manchester United ne na gani-kashe-ni, sai da na riƙe masa riga. Can kuma Harry Redknapp ya ci da nasa dokin, Shakem Up'Arry. Babban tseren ranar na masu dogon zango, Teahupoo ya ɗauka, ban ma gan shi da kyau ba saboda na tafi neman lungun da zan haɗa Azahar da La'asar, na shimfiɗa kwat a bayan wata rumfa, wani mai gadi ya tsaya nesa kaɗan yana kare ni daga masu tangaɗi.

A gaban manyan rumfunan kallo dillalan caca suke jere, kowa a kan ɗan akwatinsa da allo mai lantarki, farashi na hawa yana sauka kamar na 'yan canji a Wapa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ko fam biyu ba za ka gwada idonka ba?" Na ce masa, "Kai, da azumi a bakina? Ko babu azumi ma, caca caca ce." Ban zuba ko sisi ba, kuma ban ba kowa shawarar ya zuba ba. Amma ba zan ɓoye ba, ilimin da ke bayan abin ya burge ni, don ilimin doki ne tsantsa. Abin da na lura shi ne mafi yawan masu tururuwa gaban allunan nan ba su da shi. Suna ne suke bi, da abin da suka ji a jirgi. Dattijon nan kuwa a duk yinin sau biyu kawai na ga ya je wajen dillali.

Wajen ƙarfe biyar saura, yunwa ta fara yi mini magana, sanyi ya shiga ƙashi, jama'a kuma sun fara zarewa zuwa mashaya da layin mota tunda manyan tsere sun wuce. Na so mu tafi. Dattijon ya ce in zauna, wai a irin wannan lokacin ne littafinsa ya fi cika.

Saura tsere biyu. Na farko na 'yan goɗiyoyi ne sababbin shiga, a kan ƙananan shinge. Duk kuɗin duniya an zuba shi a kan Brighterdaysahead ta Gordon Elliott, wadda ake ta kururutawa tun daga Ayalan. Sai ga wata Golden Ace, daga wata ƙaramar barga ta Jeremy Scott a yankin Somerset, ta biyo su a hankali, mahayinta Lorcan Williams bai ko motsa hannu ba har suka juyo kwanar ƙarshe. Da ya sake ta, sai ta wuce kamar an kira ta gida. Na leƙa littafin, na ga ya rubuta sunanta ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ce ba cin da ta yi ne ya dame shi ba, saurin da ta nuna tsakanin shinge biyun ƙarshe ne, a kan ƙasar da ta kamata ta kashe sauri.

Na ƙarshe, ƙarfe biyar da rabi, shi ne Kim Muir, tseren fiye da kilomita biyar a kan manyan shinge, kuma mahayan duk 'yan sha'awa ne, ba waɗanda suka riƙi hawa sana'a ba. Irin tseren nan ne da ake daidaita nauyi, dokin da aka fi ganin ƙarfinsa a ɗora masa dalma a sirdi. Wanda ya fi kowa kaya a ranar, wajen kilo 76, ɗan shekara shida ne mai suna mai wuyar faɗa, Inothewayurthinkin, na attajirin nan J.P. McManus mai riga kore da ratsin ruwan gwal. Gavin Cromwell ke horar da shi, Derek O'Connor ya hau. A zagayen farko yana can baya, tsallensa ma bai gamsar da ni ba, na ce wa yaron wannan ba zai kai labari ba. Sai ya fara cin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an matsa masa ba. Da suka taho tudun, sauran suna ta lilo kamar masu jin barci, shi kuwa kamar yanzu aka kwance shi daga turke. Tsawon doki takwas ya ba na biyu. Kunnuwansa a tsaye.

Dattijon bai ce komai ba, ya rubuta layi huɗu, ya mayar da robarsa. A layin mota rana ta faɗi, wajen shida da 'yan mintuna. Na ciro dabino, na miƙa masa biyu, ya karɓa ya ci, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Ban sake ganinsa ba.

Ranar Juma'a ba a magana. An ƙayyade masu shiga kusan dubu 68 da ɗari biyar a rana, kuma na rantse duk sun zo. Shekara 100 ke nan cif da fara Kofin Zinare, tseren da ya fi kowane girma a bikin, wanda aka soma a 1924. Muka zagaya muka ga gumakan da aka yi wa manyan dawakin da: Golden Miller da ya ci kofin sau biyar a jere daga 1932 zuwa 1936, Arkle da ya ci uku daga 1964 zuwa 1966, da Best Mate da ya maimaita ukun daga 2002 zuwa 2004. Mutane na tsayawa ɗaukar hoto da su kamar kakanninsu.

A tseren farko na ga wani ƙaton ɗan shekara huɗu, Majborough, wanda ya fi sa'o'insa girma nesa ba kusa ba, ya ci, na ce to ga nawa dokin. Sai wani tsere da ya nuna mini aikin tudun nan ƙarara: The Jukebox Man na Redknapp ya tsallake shingen ƙarshe yana gaba da tazara, jama'a har sun fara murna, Stellar Story ya yi ta cin tazarar taku bayan taku har ya sha gabansa a kan layi, da ƙyar ido ya raba su.

Ƙarfe uku da rabi aka fito da dawakin Kofin Zinare. Galopin Des Champs na Willie Mullins, mai riƙe da kambun, akawal ne, baƙi wuluk, ba shi da wani ado, amma yana tafiya kamar ya san kuɗin da ke kansa. Farashinsa 10/11. Babban abokin hamayyarsa, Fastorslow, wanda ya taɓa doke shi a filin Punchestown na Ayalan, ya kayar da mahayinsa a zagaye na biyu, kuma maimakon ya koma gefe sai ya ci gaba da gudu ba kowa a kansa, ya manne wa Galopin. Nan hankalin kowa ya tashi, don dokin da ba mahayi ba shi da alƙibla, yana iya gitta maka a bakin shinge ya kashe ka. Na ga Paul Townend, mahayin Galopin, yana satar kallonsa, yana lallaɓa nasa dokin, har suka tsallake biyun ƙarshe lafiya. Ihun da ya tashi a lokacin, ban taɓa jin irinsa ba ko a hawan Daushe. Galopin ya ci, Gerri Colombe ya bi shi da tsawon doki uku da rabi, Corach Rambler wanda ya ci Grand National a 2023 ya zo na uku. Kofi na huɗu ke nan ga Mullins, na huɗu ga Townend. Da aka tashi lissafin mako, Ayalan na da 18, Birtaniya na da 9, Mullins shi kaɗai yana da tara.

Akwai abin da ba a so a faɗa da ƙarfi a wurin. A gefen fili akwai motoci ɗauke da koren labule, kuma in ka ga an kafa shi a kewaye da doki, sau da yawa ba zai tashi ba. Dawaki sun mutu a makon, ciki har da Highland Hunter ranar Talata. Na tashi a gidan da in doki ya mutu ake zuwa yi wa maigida jaje, don haka abin ya tsaya mini a rai, yadda ake ci gaba da sayar da giya tamkar ba a yi komai ba.

Kafin mu fita na ga wata goɗiya, Limerick Lace, ta ci tseren mata a kan manyan shinge. Yaron ya duba wayarsa ya ce, "Kawu, ka san wannan yayar Inothewayurthinkin na jiya ce? Uwa ɗaya uba ɗaya." A jirgin komawa na juya bayan takardar shirin tsere na rubuta nawa jerin, ina kwaikwayon dattijon. Na sa Galopin a sama. Na sa Majborough. Na sa Ballyburn, wanda ban ma gani da idona ba, don dai kowa a jirgi yana rantsuwa da shi bayan ya ci da tsawon doki 13 ranar Laraba. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, na ƙara biyun da na gani a littafin baƙin, don kada in manta yadda ake rubuta su.

Shekara ta zagayo, bikin 2025 ya sake faɗowa cikin azumi, ni kuma ina Kano ina bi a waya. Majborough, da farashinsa ya sauko 1/2, ya daki shinge na biyun ƙarshe ya ƙare na uku. Ballyburn ko cikin ukun farko bai shiga ba. Golden Ace kuwa, da mai ita ya yi ƙarfin halin jefa ta cikin babban tseren ƙananan shinge a kan 25/1, ta ci. Gaskiya a nan akwai rabo, don biyu daga cikin manyan tseren ba su kai layi ba: Constitution Hill ya faɗi, State Man ma ya faɗi a shingen ƙarshe alhali ya riga ya tsere mata. Amma Brighterdaysahead tana cikin tseren a tsaye da ƙafafunta, kuma Golden Ace ta sake barin ta a baya.

Ranar Juma'a 14 ga Maris, shekara guda cif da yammacin da na so in gudu saboda yunwa, Galopin ya fito neman kofi na uku a jere. Inothewayurthinkin ba ya ma cikin jerin farko, sai da McManus ya biya kuɗin shigar da shi daga baya. Ƙarfe biyar ne a agogonmu, ana ta suyar ƙosai a tsakar gida. Na ga rigar nan kore da ruwan gwal, Mark Walsh a ciki, ta matso kusa da akawal ɗin a shinge na biyun ƙarshe, ta wuce shi, ta ba shi tsawon doki shida a kan tudun. Ban gama sauke numfashi ba waya ta yi ƙara daga Birmingham.

"Kawu! Dokinka! Dokinka ya ci!"

Na ce masa ba nawa ba ne. Na tashi na buɗe akwati na ciro takardar, har yanzu da busasshiyar laka a gefenta, na ɗauki hoton ƙasan shafin na tura masa.